Shuɗin Ɗigo a Jikin Mai Rawani

Kwanakin baya rasuwa ta kai ni wani ƙauye da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe, dole ta sa na bi hanyar da na yi shekara da shekaru ina kauce mata. A bayan babur nake, na dafe hulata da hannu ɗaya. Da muka fito daga wani kwari muka hau tudu, sai idona ya tafi hagu da kansa, inda ya saba zuwa tun ina yaro. Ban ga komai ba sai fili. Sama ce kawai ta sauko har ƙasa, wurin ya yi wawulo kamar bakin da aka cire wa haƙoran gaba. Na taɓa kafaɗar mai babur ɗin na ce ya tsaya. Magidanci ne, har furfura ta fara fito masa a gemu.

"Lafiya, Baba? Mi kaka nema?"

"Mai Rawani," na ce.

"Wane ne haka nan?"

"Dutsi ne."

Ya bi yatsana da kallo, sai ya yi dariya. "Au, ramin 'yan tifa kaka nufi! Ai Baba tun da nit tashi rami nis san shi. Hau mu tafi, rana na yi."

Na hau muka tafi. Ban gaya masa cewa a cikin wannan ramin akwai ruwan da ya rayar da shanun ƙauyenmu tun kaka da kakanni ba. Ban kuma gaya masa cewa tsohon da ya goya a bayansa shi ne ya nuna wa baƙi ruwan ba.

Na san wanda ya ga manyan duwatsun duniya zai yi murmushi in ya ji ina kiran Mai Rawani tsauni. Amma mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, inda bishiyar kuka ma ake hango ta daga tafiyar rabin yini. A wurinmu babu abin da ya kai shi kusa da sama. Ƙasansa jan marmara ne, samansa baƙin dutse, kansa a daidaice kamar an yanke da wuƙa. In damina ta yi tsakiya hadari kan naɗe masa kai da safe, daga nan ya sami sunansa, kuma duk ranar da ya yi naɗi mata ba sa shanya tsaba. Ba shi kaɗai yake tsaye ba. Daga gabas akwai Tagwaye, biyu ne kai ɗaya, ranar da rana ta ɓullo daidai tsakaninsu tsofaffi kan ce a fiddo iri, shuka ta kusa. Daga kudu akwai Kwanciyar Raƙumi, dogo mai tozo, can ake saro dutsen niƙa. Daga yamma akwai Faifai, gajere mai faɗi, inda ake baza gero in an yi girbi. Can nesa da su duka, wajen arewa, akwai wani siriri da ke tsaye shi kaɗai, ana ce masa Gwauro, kuma duk saurayin da ya daɗe bai yi aure ba sai an tambaye shi yaushe zai koma wurin ɗan'uwansa. Babu yaron da aka zaunar aka koya masa waɗannan sunaye. Da su ake yi mana aike, da su ake yi mana faɗa, da su ake gaya mana inda akuya ta ɓata.

Abin da na fi kewa shi ne yadda dutsen yake mayar da sauti. Da hantsi in mata suka fara daka, sai ka ji turmi ɗaya ya zama biyu, na biyun yana fitowa daga jikin Mai Rawani, yana bin na farko a baya kaɗan kamar ƙanwa tana bin yayarta. Haka kiran salla, haka kukan saniya in an raba ta da maraƙinta. Makiyayi yana iya tsayawa a gindin Faifai ya kira ɗan'uwansa da ke Tagwaye, dutsen ya kai saƙon. Mukan hau tsinkar kanya da ɗinya, birai su zauna a sama suna kallonmu kamar mu ne ɓarayin. Rema kan fito shan hantsi a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, in ta ji motsi ta yi wani ɗan fito ta faɗa kogo. 'Yan mata su ɗebo jar ƙasar yaɓe, mu mu yanko ciyawar jinka, a sauko da la'asar kowa ƙafarsa ja wur. Yanzu injin niƙa ne ke ruri tun safe, babu mai amsa masa. Kowa da waya a kunne, ana magana da mutumin Legas, amma ba a san sunan tudun da ke bayan gida ba.

Ni ban kasance cikin yaran da ake jin muryarsu a kan dutse ba. Yaro ne ni mai shiru, in baƙo ya gaishe ni sai na rasa inda zan sa idona. Abin da nake da shi kawai shi ne ba na iya barin abu a karkace. In na ja layi ya kauce, sai na yage takardar na sake. In Inna ta aike ni ɗaurin kara, sai na daidaita kawunansu kafin na ɗaure, har ta gaji ta ce, "Wanga yaro, karan ga wuta za a sa mai, ba kasuwa za shi ba." Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙaninsa ne ya riƙe ni. Baffa manomi ne kuma mai shanu, dogo, mai yawan ba'a, bai taɓa shiga aji ba, amma shi ya tsaya kai da fata sai da aka bar ni na wuce makarantar kwana a Tambuwal. Yakan ce shanu suna da masu bin su, a bar gidan ya sami mutum ɗaya da zai riƙa karanta takardar allurar dabbobi. Malam Ƙarami yake ce mini.

A makaranta na haɗu da darasin labarin ƙasa, na kuma haɗu da malaminsa, wani siririn mutum mai tabarau wanda bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi ya fara nuna mana hoton wani tsauni na wata ƙasa mai nisa, kansa fari fat da ƙanƙara, ga 'yan'uwansa kewaye da shi, kowanne da sunansa da tsayinsa a rubuce. Na daɗe ina kallon hoton. Abin da ya tsaya mini a rai ba ƙanƙarar ba ce. Mutanen can sun auna nasu sun rubuta, duniya ta san su, mu namu ko a taswirar da ke rataye a bangon aji babu shi, wurin fari ne kamar ba kowa. Da aka zo hutun ƙarshen zango, malam ya ce za a yi gasa tsakanin makarantu: kowa ya zana taswirar wuri mafi tsayi a ƙasarsu da abin da ke kewaye da shi. Ya koya mana yadda ake auna tsayi da sanda da inuwa, da yadda ake jan layuka masu zagaye don a nuna hawa da gangara. Ya dube ni ya ce, "Kai nake jira." Ban taɓa jin wani babba ya ce ni yake jira ba.

Da na gaya wa Baffa, dariya ya yi har sandarsa ta faɗi.

"Dutsi za ka auna? In ka auna shi, riga za ka ɗunka mai?"

"Taswira ce, Baffa."

"To, mu je. Ni dai ban taɓa ganin an auna abu ba sai in saida shi za a yi. Amma mu je, kar ka faɗo Innarka ta ce ni nas sa."

Sati uku muka yi muna hawa. Kullum in ya kora shanu gindin Faifai ya bar su da 'ya'yansa, sai mu kama hanya. Na yi igiya mai ƙulli a kowane kamu goma. Ina ƙirga taku, in na kai ɗari na ɗauki tsakuwa ɗaya daga aljihun dama na mayar hagu. Baffa yana gaba riƙe da bakin igiyar, yana tsokanata. In na ce na ɓata ƙirga sai mun koma, ya ce, "Allah shi ba ka mata mai haƙuri." Amma yana komawa. Kuma a cikin wannan wasa ya zuba mini abin da babu shi a kowane littafi. Ya nuna mini inda ruwan sama ke rabuwa a kan Mai Rawani, rabi ya gangara wajen Tagwaye, rabi ya bi bayan Kwanciyar Raƙumi ya faɗa fadama. Ya nuna mini burtalin da shanu ke bi tun zamanin da ba wanda ya tuna, da gefen da ba a hawa bayan ruwa don marmara na zamewa, da kogon da mutanen dauri suka ɓoye mata da yara lokacin yaƙi, har da baƙin hayaƙin girkinsu a rufin. Ranar da muka kai ƙoli sama ta wanke tas. Ya juya ni da kafaɗa ya ce can wajen Tambuwal ne, can kuma Kebbe. Tagwaye suka koma kamar tukwane biyu a kife, Gwauro kamar turke. Na zauna na rubuta komai, shi kuwa ya ciro goro ya raba mana.

A kwanakin ƙarshe ne muka zagaya arewacin dutsen, gefen da ba a kiwo, wanda tun muna yara ake ce mana akwai macizai. A tsakiyar baƙin dutse, inda ko ciyawa ba ta fita, sai ga wani baure kore shar, shi kaɗai. Na tsaya ina kallonsa. Na riga na karanta cewa baure ba ya zama inda babu ruwa. Baffa ya ga inda idona ya tsaya. Daga nan ya ce in rufe littafin in sa a aljihu.

Ya janye wasu ƙayoyi da aka tara, muka kama wani faffaɗan dutse mu biyu muka ture. Sanyi ya bugi fuskata. Tsaga ce a jikin dutsen, ta yi ƙasa kamar zaure, a ƙarshenta ruwa ne kwance, baƙi don zurfi, ko motsi ba ya yi. Baffa ya ɗebo da tafin hannu ya ba ni. Ban taɓa shan ruwa mai daɗinsa ba, har yau.

"Wagga ita ce Ajiya," ya ce. "Ka ji ana faɗi?"

Na ce ban taɓa ji ba.

"To, ka ga an iya riƙo."

Ya zaunar da ni ya gaya mini yadda abin yake. Ruwan ba ya ƙafewa, amma ba shi da yawan da zai ɗauki duniya. Magidanta kaɗai suka san shi, su ma sai mutum ya yi 'ya'ya ake kawo shi. Ba a buɗe shi sai ƙarshen bazara, in rijiyoyi sun koma laka kuma hadari ya ƙi haɗuwa. Ba shela, ba ganga. Mai gari zai bi gida gida ya ce wa kowane mai shanu ranarsa. Akan koro shanu goma goma, a bi da su ta kan fa inda kofato ba ya barin sawu, a ɗebo da guga a zuba musu a kwami, ba a barin dabba ta sa baki a ciki. In an gama a kwashe kashin shanun a kwando, na ƙarshe ya jawo reshen sabara yana share baya har a sauka. Da haka ƙauyenmu bai taɓa tashi ba, ko a shekarun da garuruwan da ke kewaye suka watse suka bi ruwa. In manyan garkuna masu wucewa suka ji labari, kwana uku ya ishe su su mai da shi taɓo.

"Ban so in gwada maka yanzu ba, lokacinka bai yi ba," ya ce. "Amma idonka ya riga ya gani, kuma na san ka, in ban faɗa maka ba sai ka tambayi malaminku. Zana duwatsunka duka. Zana har birai in kana so. Wanga wuri kam, bar shi fari."

"Na ji, Baffa."

"Ban ce ka ji ba. Cewa niy yi ka bari."

"Zan bari."

Muka mayar da dutsen, muka mayar da ƙaya. Shi ya ja sabara.

Na koma makaranta na kwana biyar ina zanen a kan farin kwali. Ban taɓa yin abu mai kyau irinsa ba, kafinsa ko bayansa. Layukan tsayi suna zagaye Mai Rawani kamar zaren da aka naɗe a mazari, ga Tagwaye, ga Faifai, ga Gwauro can a kusurwa, ga burtali da ɗige-ɗige, ga kogo. Na cika alkawari, ban sa ruwan ba. Amma na zana bauren. Ban iya barinsa ba, don yana nan, kuma na auna inda yake. Na ce a raina ai itace ba ruwa ba ne.

Malam ya shimfiɗa kwalin a kan teburinsa ya daɗe yana dubawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya ɗora yatsa a kan bauren.

"Wannan wane itace ne?"

"Baure ne, Malam."

"Baure a tsakiyar dutse? Me yake sha?"

Na sunkuyar da kai.

"Akwai ruwa a nan, ko ba haka ba? Ka gan shi da idonka?"

Da na iya ƙarya da na ce ban gani ba. Da ina da baki da na ce an hana ni faɗi, kuma na tabbata da ya ƙyale ni, don ba mugu ba ne. Amma ni yaron da ko gaisuwa ke yi wa nauyi ne, ga mutumin da ya ce ni yake jira yana kallona. Na gyaɗa kai.

"To, me ya sa ka bar shi? Taswirar da ta ɓoye abin da ke ƙasa ai ƙarya ce aka yi da layi. Ka yi aiki irin wannan, sannan ka bar shi da giɓi?"

Ya miƙo mini shuɗin fensir. A nan ne nake so in faɗi gaskiyar da na daɗe ina zagayewa. Ba kunya kaɗai ta sa na karɓa ba. Tun ranar da na gama zanen, farin wurin nan yake damuna kamar tsakuwa a takalmi. Da na ɗiga shuɗin, daɗi na ji. Har na ɗauki alƙalami na rubuta a gefensa da ƙananan haruffa, da Turanci, cewa ruwa ne mai daɗi, ba ya ƙafewa rani da damina. Malam bai ce in rubuta wannan ba. Ni na ƙara.

Na ci gasar. Aka ba ni littafin taswirorin duniya, aka ce an rataye kwalina a wani ofis a cikin gari, manya suna tsayawa suna kallo. Na kai littafin gida, Baffa ya yi ta yawo da shi yana nuna wa mutane, a juye ma yake riƙe shi. Ya tambaye ni sau ɗaya, "Ka bar wurin nan fari?" Na ce na bari. Ashe na iya ƙarya, ga wanda bai kamata ba ne kawai na iya ta. Na lallashi kaina da cewa takarda ce a bango, wa zai bi ɗigo ɗaya har bayan dutse?

Damina biyu suka wuce. Ina gida hutu, da rani, sai ga mota ta tsaya a ƙofar mai gari da hantsi. Mutanen wani kamfanin hanya ne, da safiyonsu mai auna ƙasa, wani mai fara'a da hular kwano. Aka tara magidanta a gindin ceɗiya, aka aiko a kira ni ko za a buƙaci mai karatu. Safiyon ya ce za a yi hanya, suna neman marmara da dutsen fasawa, sun ga akwai. Abin da ya rage ruwa ne, don aikin hanya ba ya yiwuwa sai da ruwa kusa, in babu za su kafa sansaninsu a wani wuri can gaba. Mai gari ya ce, "Ruwa kam sai dai rijiyoyin da kunka gani, su ma ga su nan sun kusa ƙafewa." Dattawa suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Wani ya ce ai su ma addu'a suke. Baffa har ya ƙara da cewa in sun samo ruwa su taimaka su sammana. Aka yi dariya. Na ga safiyon ya fara naɗe takardunsa.

Sai ya tsaya, kamar ya tuna wani abu. Ya koma mota ya ɗauko wata doguwar takarda ya warware a kan tabarma. Tun kafin ya gama warwarewa na gane Gwauro a kusurwa. Kwafin zanena ne.

"Ranka ya daɗe, to wannan fa?" ya ce, ya ɗora yatsa. "A ofis muka gani. An ce ma ɗan garin nan ne ya zana. Wallahi mun yi mamaki, ko mu da na'ura sai haka. Ku riƙe yaron nan da kyau."

Mai gari ya dubi takardar, bai iya karatun boko ba, amma ya san dutsensa, ya ga baure, ya ga shuɗi. Ya ɗago ya neme ni da ido.

"Zo nan, ɗana. Karanta muna abin da anka rubuta nan wurin."

Na durƙusa. Haruffana ne, ƙanana, a jere, ko ɗaya bai karkace ba. Na buɗe baki a gaban baƙi, a gaban magidantan da suka yi shekara arba'in suna jan sabara, na mayar da shi Hausa: ruwa mai daɗi, ba ya ƙafewa rani da damina.

Safiyon ya ce, "Madalla!"

Baffa yana zaune a gefen tabarmar. Ya matso ya leƙa takardar, ya daɗe yana kallo.

"Hannunka ne, Malam Ƙarami?"

"Hannuna ne, Baffa."

"Ya yi kyau," ya ce. "Ba ka bar komi ba."

Ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi wurin shanunsa.

Kafin wata ya zagayo katafila ta share hanya har gindin bauren. Suka sa injin jan ruwa, tankoki suna cika suna tafiya tun safe har yamma, ana yayyafa ruwan Ajiya a kan jar ƙasa don ta kwanta. Suka fara cin Faifai da Kwanciyar Raƙumi, daga nan suka juyo kan Mai Rawani da nakiya. In za su tashe ta sai su busa usur, mata su rufe tukwane, ƙasa ta girgiza, bango ya tsage. Birai suka tafi a rana ɗaya, an gan su a jere sun nufi Gwauro. Mai gari ya je ya roƙa a bar gefen arewa, aka ce masa an ji. Wata safiya bayan wata babbar nakiya, mai kula da injin ya sauko yana cewa injin yana jan iska. Aka leƙa tsagar da tocila. Dutsen ya tsage daga ƙasa, ruwan ya bi tsagar ya tafi. Kamfanin ya koma ɗebo ruwa daga gulbi da tankokinsa, abin bai hana su aikin yini ɗaya ba. Ashe suna iya hakan tun farko.

Babu wanda ya zage ni a ƙauyen, da ma sun zage ni. In na iso majalisa sai zance ya koma kan farashin gero. Inna ta daina aikena gidajen mutane. Na sha gaya wa kaina cewa ko ba ni ba za su gano, suna da na'urori, baure kuma ba ya ɓuya. Wataƙila haka ne. Amma ni na ga safiyon yana naɗe takardunsa. Hanyar da aka yi kuwa, ta lalace an sake ta, ta sake lalacewa, kowane karo daga jikin duwatsunmu ake ɗiba, bayan kamfani 'yan tifa suka gaje wurin. Yau Tagwaye saura ɗaya, shi ma rabi. Waɗanda suke bin hanyar suna tsine wa ramukanta ba su san abin da suke takawa ba. Ni kuma na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da labarin ƙasa, ina sa yara suna haddace tsayin duwatsun wasu mutane.

Bazarar da ta biyo baya ta yi tsanani. Rijiyoyi suka koma laka kamar yadda suka saba, sai dai wannan karon mai gari bai bi gida gida ba. Shanu suna tsaye a gindin abin da ya rage na dutsen suna kuka, sun san hanya, suna ta jan masu su wajen arewa. Na Baffa bakwai suka faɗi a sati biyu. Masu shanu suka yi shawara a tsakaninsu, gida tara suka ce za su tashi. Ba a taɓa yi ba a ƙauyenmu.

Ranar tafiyar na zo daga Tambuwal da sassafe. Na tarar an ɗora kaya a kan jakuna, an ɗaure maruƙa, matan gidan suna sallama da Inna, wadda ta ce ita ba za ta bar kabarin mijinta ba. Tun ranar ceɗiya Baffa bai canza mini fuska ba. Yana amsa gaisuwata, yana tambayar karatu, har kuɗin mota yana ba ni. Ba'ar ce kawai ya daina, kuma bai sake nuna mini ko da sunan ciyawa ba. Na same shi yana gyara igiyar wani bijimi. Na durƙusa na gaishe shi. Na so in ce ya yafe mini. Abin da ya fito shi ne, "Baffa, ina za ku?"

"Kudu."

"Wane gari? Don in na samu hutu in zo."

Ya gama ƙullin da yake yi, ya ja ya ga ya kamu. Sannan ya dube ni, ba da fushi ba.

"An ce muna akwai wani wuri bayan Kebbe, da ɗan ruwa. Mutanen wurin sun yarda mu zauna, bisa sharaɗin ba mu faɗi." Ya ɗora hannu a kaina, kamar yadda yake yi ina ƙarami. "Kai kuwa ɗana ba ka iya ganin wuri fari. Allah shi yi maka albarka. Ka kula da Innarka."

Ya ɗaga sanda, shanu suka motsa. Na bi su har bakin sabuwar hanya, na tsaya, suka tsallaka.

Bayan shekara shida wani mai sayen fata ya kawo mana labarin rasuwarsa, shi ma a kasuwa ya ji, daga bakin wanda ya ji daga wani. Na tambaye shi wane gari, ya ce bai sani ba. Na bi kasuwannin kudancin Kebbe ɗaya bayan ɗaya, hutu uku, ina tambaya. Na haɗu da mutanen da na tabbata sun sani. Sukan dube ni, su dubi ɗan littafin da ke hannuna, su ce Allah ya jiƙansa, su ba su san wurin ba. Har yau ban san inda kabarin Baffa yake ba.